Wanda Zai Riƙe Gwadon Inna

Shafi na 11

Salamu alaikum, masu haƙuri da marasa shi. Na ga saƙonninku, har da na yarinyar nan da ta tambaya ko tsoho ya mutu ne da ba a ga shafi ba. Ban mutu ba, jikata. Mota ta kife da ni a hanyar Bakori na fito da hulata a kaina. Kububuwa ta sare ni a gonar auduga, ita aka binne. To ba ciwon gwiwa ne zai kai ni ƙasa ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma ga masu digiri nan sun yi layi suna jiran abin da zan ce. Ku gyara zama.

Mun tsaya inda Malam Mudi ya tara zuri'ar gidansu kaf a Tsiga, washegarin Sallah, ya ce za a ɗauki hoton iyali a tsakar gida.

Da hantsi Murtala mai hoto ya iso daga Funtua a kan babur. Ya durƙusa ya gai da maigida, sannan ya zaro waya.

"Baba, sai a zaɓi abin da za a sa a bayanku. Ina da labulen leda iri-iri a shago. Wanda ka nuna, yanzu in buga waya a kawo."

Malam Mudi ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa.

"Wannan dogayen benayen fa?"

"Dubai ke nan, Baba."

"Gidan uban wa a ciki?"

Murtala ya yi dariya ya shafa wayar.

"To ga wannan. Kantar littattafai ce, manyan mutane suna son ta."

"Ni Mudi in zauna gaban littattafai? Duk Tsiga wa bai san da babban yatsa nake sa hannu ba? So kake jikokina su riƙa nuna ni suna dariya bayan raina?"

"To ga lambu, ga ruwa yana zubowa daga dutse."

"Nawa?"

Murtala ya faɗi kuɗin haya da na ɗauko ta. Malam Mudi ya miƙa masa wayar da sauri kamar ta ƙona shi.

"In biya wannan don in jingina bayana da ruwan da ba ya jiƙa shuka? Nemo mini abin da ke cikin gidan nan."

Suka zaga. Bangon ɗaki, damina ta zana masa taswira. Tabarmar roba, Murtala ya ce ƙyallinta zai kashe fuskoki. Aka fito da zanen gadon Shafa'atu, matar Mudi, ya ce furanninsa sun yi girma, mai kallo zai bar mutane ya kalli fure.

"Abin da ake so, Baba, abu mai launi ɗaya, mai ɗan duhu, marar ƙyalli. Shi ke barin fuska ta fito."

Malam Mudi ya yi murmushi. Wannan maganar yake jira tun da yaron ya sauka daga babur.

"Shafa'atu!"

"Na'am, Malam."

"Buɗe adaka ki ɗauko mini gwadon Inna."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya a sama.

"Malam, don Allah ka bari."

"Ɗauko."

"Ana cikin Sallah. Ga baƙi."

"Don baƙin na ce ki ɗauko."

Ta tafi tana jan ƙafa. Da ta dawo ta warware shi, gidan ya ɗauki ƙamshin adaka. Saƙar hannu ne, rinin baba, shuɗi mai duhu, ya tsufa amma ko huda babu. Murtala ya tafa hannu.

"Kai! Baba, wallahi wannan ya fi duk ledar da ke shagona. Kuma kyauta."

"Ba kyauta ba ne," in ji Mudi. "An biya."

Ku da kuka shigo labarin a tsakiya, bari in buɗe muku. Shekaru sama da ashirin baya, Inna tana raye, ƙanin Mudi mai suna Zainulabidin ya sami babban aiki a ofis. Ya ɗauko mai hoto ya kawo gidan nan, aka ɗaura gefen gwadon nan a bishiyar bedi, aka rasa mai riƙe ɗaya gefen. Sai ga Mudi ya shigo daga gona, laka har gwiwa.

"Yaya, ɗan riƙe mana mu gwada. In an saita sai ka wanke ka shigo."

Mudi ya hau benci a bayan gwado ya ɗaga hannu. Yana jiran a ce ya sauko ya shigo, sai ya ji, "An gama, fim ya ƙare." Kafin kaka ta zagayo Inna ta rasu. Hoton nan shi kaɗai ne hotonta a duniya. Kowa yana ciki, har jaririn goye. Ɗanta namiji na fari kuwa, wanda ya noma abin da aka biya wa Zainu makaranta, babu abin da ya fito nasa sai yatsu uku a saman gwado, don na huɗun injin casar masara ya cinye tun yana saurayi.

Yanzu Zainu ya yi ritaya. An ce masa ya tashi daga gidan ma'aikata na Funtua. Rabonsa na gado kuwa tuni ya sayar wa Mudi ya sayi mota. Shi ne yake neman a ba shi kangon ɗakin Inna ya gina inda zai sa kansa. Don maganar ta yi nauyi, ya ɗauko surukinsa, Alhaji Muhammad Sani na Malumfashi, uban matar ɗansa, ya taya shi roƙo.

Suna zaune a inuwa kan kujerun roba aka warware gwadon. Zainu ya gan shi, shayin da yake sha ya sarƙe shi. Ya taso cikin babbar rigar shadda, sai ƙamshi yake.

"Yaya, me ya kai mu wannan tsohon abu? A kawo ta Dubai ɗin, ni zan biya."

"Aljihunka ya huta, Alhaji Darakta."

"Ai ba wani abu ba ne."

"Na sani. A wurinka babu abin da yake wani abu."

Murtala bai san dawan da ake dakawa ba. Ya hau ya ɗaure gefe ɗaya a reshen bedi, ya ja ɗayan zuwa bango.

"A ba ni ƙusa da guduma."

"Ƙusa? A jikin gwadon uwata?"

"To igiya, Baba."

"Igiya za ta tattare shi. Kai ka ce a miƙe ake so."

"To samari biyu su hau su riƙe."

"Jika ba ya taɓa gwadon Inna," Mudi ya faɗa da ƙarfi yadda har matan da ke madafa za su ji. "Sai wanda ta haifa da cikinta. Mu uku ta bari. Yaya Hajjo ga ta nan, hannunta ba ya wuce kafaɗa. Ni na yi nawa tuntuni. Saura wa?"

Ko yaran da ke rigima kan balan-balan sun daina.

Zainu ya matso, ya rage murya.

"Yaya, a gaban surukina?"

"Ni a gaban uwata aka yi mini."

"Abin da ya wuce tun yaushe!"

"A wurinka ya wuce. Ni kullum na shiga falonka ina ganinsa a bango."

Alhaji Muhammad Sani ya taso yana gyara hula. Dattijo ne mai sanyin baki.

"Malam Mudi, a yi haƙuri. In riƙo ne, ni ma sai in riƙe. Ai duk ɗaya ne."

"Haba Alhaji, kai baƙonmu ne. Kujerarka tana gaba, a damana. Amma tunda ka sa baki, in tambaye ka. Ka san babban hoton nan da ke falon surukinka?"

"Na san shi. Na Hajiya mai rasuwa."

"Ka lura da yatsu a samansa?"

"Na lura. Har na taɓa tambaya."

"Me ya ce maka?"

Alhaji ya dubi Zainu. Zainu ya dubi ƙasa.

"Faɗi, Alhaji. Muna cikin Sallah, ba a ƙarya."

"Ya ce... wani ɗan aikin gona ne suka sa ya riƙe."

Malam Mudi ya zaro hannun damansa daga cikin riga, ya ɗaga shi sama, ya buɗe. Ya juya shi a hankali, gabas da yamma, kowa ya gani.

"Ga ɗan aikin."

"Innalillahi," in ji Alhaji. Ya koma ya zauna.

"Ba kai kaɗai ya gaya wa ba," Mudi ya ci gaba. "Akwai ranar da na kai masa buhun masara da kaina. Ina zaune a bakin ƙofar falo, an ba ni ruwa a kofin roba, wani abokin aikinsa ya yi wannan tambayar. Haka ya amsa. Ina zaune. Da wannan hannun nake riƙe da kofin. Ni na ɓoye shi a riga, don kada ƙanena ya ji kunya."

Yaya Hajjo, babbarsu, ta buga sandarta a ƙasa.

"Mudi, ya isa. Ka faɗa, an ji."

"Bai isa ba, Yaya. Faɗa daban, riƙo daban." Ya juya. "Zainu, kangon Inna kake so?"

Zainu ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Shi nake so, Yaya."

"Ga benci can. Shi ne dai na ran nan, ban bari an faskara shi ba. Ka hau ka riƙe har Murtala ya ce an gama, gobe ka kawo bulo. Ka saki kafin nan, ka nemi fili a wani gari."

Jama'a, na ga abubuwa a duniya. Na ga bijimi ya durƙusa wa yaro. Amma mutum mai tumbi da agogon zinariya ya tattare shadda ya hau benci a gaban surukinsa da matan 'ya'yansa, wannan sai a gidan Mudi. Bencin ya yi ƙara. Zainu ya kama gefen gwado ya ɗaga, ya ɓace a bayansa. Babu abin da ake gani sai yatsunsa a sama, da zoben azurfa.

Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Ya'yansa suka tsaya kamar an dasa su.

Malam Mudi ya ja kujerarsa ya ajiye daidai gaban inda ƙanen yake tsaye, ya zauna, ya baza riga. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ko ranar da ya cika rumbu uku bai ji irin wannan ba.

Murtala ya kafa kyamara a kan ƙafafunta yana rawar jiki.

"To kowa ya matso, yanzu-yanzu a gama."

"Wa ke korar ka?" in ji Mudi. "Hoton tarihi ake yi da gaggawa? Jera mini yaran nan, dogo a baya, gajere a gaba."

Aka jera.

"A'a. Na gidan Yaya Hajjo su koma hagu."

Aka sake.

"Shafa'atu, wannan hular ba ta hau da rigar ba. Kawo mini zannar nan."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Kawo hula."

Aka kawo. Ya sa, ya cire, ya karya ta, ya sake sawa. Ya nemi ruwa ya sha a hankali. Akuya ta ratso, ya ce kada a kore ta da ƙarfi, tana da ciki. Rana ta haye bisa katanga ta sauka a bayan gwado, inda babu inuwa ko ta tafin hannu. Gefen gwadon ya fara rawa.

"Ɗaga sosai, ɗan aiki!" Mudi ya faɗa ba tare da ya waiwaya ba. "Yana lanƙwashewa."

Gwado ya miƙe.

"Murtala, yatsun nan sun fito?"

"Sun fito, Baba. Amma kada ka damu, zan goge su a kwamfuta."

"Ka goge su, in goge ka daga garin nan. Ka fito mini da su tas, har zoben. Babba za ka wanke, wanda zai cika bangon zaure. Duk wanda ya tambaye ni hannun wa, na san amsar da zan ba shi."

Sai ya ji murya ta cikin saƙar gwado, dab da kunnensa. Ƙasa-ƙasa, tana haki.

"Yaya."

"Riƙe."

"Yaya, sau biyu aka ɗauka ran nan."

Mudi bai motsa ba.

"Ka tuna sanda gwadon ya suɓuce maka, na yi maka tsawa?"

Ya tuna. Yaya zai manta? Gwadon ya fizge daga hannunsa, haske ya dake shi a ido, Zainu ya daka masa tsawa a gaban kowa wai ko riƙon zane bai iya ba. Duk shekarun nan yana ɗora laifin a kan guntulallen yatsansa.

"Ba suɓucewa ya yi ba," muryar ta ce. "Inna ce. Ta miƙa hannu ta baya ta ja shi ƙasa. Mai hoton ya riga ya danna."

"Ƙarya kake."

"Fuskarka ta fito. Daidai saman kanta. Ta ɗago tana kallonka, tana dariya."

"Na ce ƙarya kake! Wuya ce ta ishe ka."

Yaya Hajjo tana zaune a hagunsa, kunnenta kuwa ras yake. Ta dafa gwiwarsa.

"Jan kam ta ja, Mudi. Da idona na gani. Har ta ce, 'Ina babban?' Fitowar hoton ce ban sani ba."

Ina babban. Shi ke nan abin da Mudi bai ji ba, yana bayan gwado.

"Ka ɓoye mini shi? Duk shekarun nan?"

"Na ɓoye. Kana cikin laka, da yagaggiyar taguwa. Na ga ba zai shiga falo ba."

"Yana ina?"

"Aljihuna. Na zo da shi in ba ka bayan an gama maganar fili."

"Ba ni."

"Da wane hannu? Duka biyun suna kan gwado. Kai ka ce in na saki babu fili."

Mudi ya ciji leɓe. Murtala yana can yana ɗaga hannu, yana cewa yara su daina motsi. Babu wanda ya san abin da ake faɗa sai su ukun.

Muryar ta sake zuwa. Yanzu babu roƙo a cikinta. Jinin gidan ɗaya ne, jama'a, kada ku manta.

"Guda ɗaya ne, Yaya. Mai hoton ya rasu, fim ɗin ya ɓata. Yana aljihun 'yar cikina, a ƙirji, ko leda ban sa masa ba. Tsohuwar takarda ce. Ni kuma ka ga gumi nake yi, rigar ta manne mini. Ka san abin da gumi yake yi wa tsohon hoto?"

Muryar ta ƙara da cewa:

"Kada ka yi sauri. Aika a kawo maka wata hular."

Mudi ya shiga lissafi. Ko ƙarya ce? Zainu tun yana yaro ya iya shirya zance. In ƙarya ce ya tashi, ya zubar da abin da ya jira shekaru sama da ashirin, a gaban Alhaji, a gaban gida duka, kuma shi zai zama abin dariya. In gaskiya ce ya zauna, fuskar Inna tana can tana narkewa a ƙirjin wannan mutumin, ita da tasa, kuma shi da hannunsa ya narkar.

Ya ɗaga ido. Yatsun nan suna sama, sun yi fari don riƙo, zoben yana walƙiya. Daidai yadda ya sha gani a mafarki. Dannawa ɗaya ta rage.

Wani ɗigon gumi ya faɗo daga gwiwar hannun Zainu, ya sauka a kan bencin. Mudi ya ji ƙararsa.

"Yawwa, haka nake so!" Murtala ya ɗaga murya. "Kowa ya kalli nan. Baba, saki fuska mana, ai ranarka ce. Ɗaya!"

"Mudi," in ji Yaya Hajjo.

"Biyu!"

Malam Mudi bai waiwaya ba. Idonsa yana kan kyamara. Amma hannun nan nasa na dama ya zame daga kan gwiwa, ya bi ta bayan kujera, ya lalubi gwadon Inna, ya damƙe shi.

"Uku!"